Hukuncin Shiga Ginin Gwamnati da Ɓoyayyiyar Bindiga

Tambaya: Malam, ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, ina da ɗan shago. Bayan 'yan fashi sun tare ni, na nemi lasisin riƙe ƙaramar bindiga, aka ba ni. Amma doka ta hana shiga da ita kotu da ofisoshin gwamnati. Akwai ofishin da nake zuwa da ba a bincike a ƙofa. Tunda kare kai halas ne, kuma masu dokar ba Musulmi ba ne, ina da laifi a wurin Allah in na soke ta a ƙugu na shiga?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah ya tsare gaba, ɗan'uwa. Bai halatta ka shiga da ita ba, ko ana bincike ko ba a yi.

Kare rai da dukiya haƙƙinka ne. Annabi (SAW) ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada, don haka riƙe bindigarka a inda doka ta yarje maka babu laifi. Sai dai Shari'a ba ta bar makami sakaka a wurin taron jama'a ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Annabi (SAW) ya umarci wanda ya ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya damƙe tsininsu, kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Kibiya ke nan, wadda kowa ke gani ya kauce. Ina ga bindigar da ke ƙarƙashin riga, a ɗakin da mutane ke cunkushe a layi, wani ya zo a fusace kan haraji, wani an ƙwace masa 'ya'ya a shari'a? A wani hadisin ya hana nuna ɗan'uwa da makami, domin mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ba a ce mai makamin mugu ba ne. An toshe ƙofa ne tun kafin ɓarna ta shigo, kuma malamanmu na Malikiyya sun gina hukunce-hukunce da yawa a kan wannan asali.

Keɓe wuri a ce ba a shiga da makami ma ba baƙon abu ba ne. Muslim ya ruwaito daga Jabir hanin ɗaukar makami a Makka. A Buhari kuma, Sa'idu bin Jubair ya ba da labarin yadda tsinin mashi ya soki tafin ƙafar Abdullahi bin Umar a Mina har ƙafar ta manne da likkafa, sai da Sa'idu ya sauka ya zare masa. Da Hajjaju bin Yusuf, mai mulkin Makka a lokacin, ya zo dubiya yana cewa ina ma an san wanda ya yi, Ibn Umar ya ce masa kai ne, domin kai ka sa aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka, ka shigar da shi Harami. Ofishin gwamnati ba Harami ba ne, ban kuma daidaita su ba. Abin da nake nuna maka shi ne shugaba yana da ikon taƙaita halas a wani wuri don maslahar jama'a, har ma ana zarginsa in ya yi sake.

Batun cewa ba Musulmi ba ne, nan ne ka fi zamewa. Ka shiga ƙasarsu da aminci, ka sa hannu a takardar lasisi bisa sharuɗɗanta. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura. Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa sun yi wa Ƙuraishawa alkawarin ba za su yaƙe su ba, Annabi (SAW) ya mayar da su daga Badar don a cika wa mushrikai alkawarinsu. Wannan dokar ba ta umarce ka da saɓon Allah ba. Ɓoye bindigar kuwa ha'inci ne ga mai gadi da duk wanda ya shigo da zaton babu makami a wurin.

Kuma a garinku aka ga misali. A ranar 23 ga Yuli, 2003, Othniel Askew ya shiga zauren majalisar birnin New York tare da kansila James Davis, ba a bi da shi ta na'urar bincike ba saboda alfarmar kansilan. Ya harbe Davis a ciki. Davis tsohon ɗan sanda ne, da bindiga a jikinsa ranar, bai samu zarafin zaro ta ba. Bayan haka ne magajin gari Bloomberg ya ce kowa sai ya bi ta na'urar, har shi kansa. Ko Kotun Ƙolin Amurka, da ta tabbatar wa mutum haƙƙin mallakar bindiga a 2008, ta bar hanin shiga da ita makarantu da gine-ginen gwamnati a inda yake.

Ranar da za ka je ofishin, ka cire harsashi, ka kulle ta a akwatinta a gida inda yara ba za su kai ba. A jiharku kama mutum da ita a irin wannan wuri babban laifi ne da kan kai ga ɗauri da asarar lasisi, kuma kana da iyali. In wani takamaimai ne ke yi maka barazana, ka sanar da 'yan sanda da masu tsaron ginin kafin ka je. Jami'in da aka ɗora wa tsaron wurin ba ya cikin wannan hani.

Allah ne mafi sani.