Tambaya da Amsa: Neman Zuri'ar Dangin da Suka Tafi Ba Su Dawo Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanen kakana ya tafi aikin hajji a ƙasa tun zamanin Sarkin Musulmi Hassan, bai dawo ba. Wasiƙa ɗaya tak ta taɓa zuwa, da ajami, tana nan cikin adakar gwaggona. Wasu na cewa Sudan ya tsaya, wasu na cewa ya kai Makka. Ta ina zan fara neman zuri'arsa? (Mai karatu daga Wurno)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, fara da gwaggon kafin ka taka ofishin kowa. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938, ka ga tafiyar ta kai shekara casa'in ko ta kusa, masu labarin kuma ƙarewa suke yi. Ka zauna da tsofaffin gida ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tara su wuri guda, domin in babba ya faɗi magana ƙarami ba zai musa ba ko da ya san ba haka aka yi ba. Ka ɗauki muryarsu a waya. Abin da kake nema shi ne sunan yanka, sunan uba da kaka da kakan kaka, sunan uwa, sana'arsa, ɗariƙarsa, irin tsagar fuskarsa, da su wane ne suka tashi tare da shi.

A kan suna ne yawancin masu nema ke yin ɓatan kai. Wanda gida ya sani da Garba, can Abubakar ne. Shehu ya koma Usman, Mamman ya koma Muhammad. In kuwa Tanko ko Bawa kaɗai aka riƙe, jikokinsa wataƙila ba su taɓa jin wannan laƙabi ba. A Saudiyya suna huɗu ake jerawa, na ƙarshe ya zama Hausawi ko Fallata ko Barnawi, kuma gidaje masu ɗimbin yawa ke amsa waɗannan, don haka jerin iyaye ne zai raba maka gardama.

Wasiƙar nan a daina buɗe ta ana naɗewa, tsohuwar takarda a kan layin naɗi take yagewa. A shimfiɗa ta sau ɗaya, a ɗauki hotonta gaba da baya, har da ambulan in akwai. Sau da yawa ambulan ta fi wasiƙar magana: kan sarki ya nuna ƙasa, hatimin gidan waya ya nuna gari da rana, a baya kuma akan sami sunan wani ɗan kasuwa ko malami da ake aiko saƙo ta hannunsa. In babu ambulan, to wataƙila wani alhaji ne ya kawo ta, sai a binciko gidansa. A kai wa wanda ya iya ajami sosai, ya kula da ƙarshenta inda ake jera masu gaisuwa, domin nan sunayen mata da 'ya'ya da maƙwabta ke fitowa. In shekarar hijira ce a jiki, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: shekarar 1355 za ta ba ka 1936.

Hanyar da aka saba bi ita ce Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Injamena ta yau), Abeche, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Omdurman, sai Sawakin ko Port Sudan a haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce, ana tsayawa ana noma ana tara guzuri, kuma tun da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 mutane da yawa suka yada zango a wajen Wad Madani, zangon ya zama gida. Ga mutumin ƙasar Sakkwato, garin da ya kamata a fara tambaya shi ne Mai Wurno, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi da Turawa na 1903. Sai Gadarif da Kasala.

Game da takardun gwamnati, kada ka sa rai da yawa. Fayilolin Lardin Sakkwato suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna ƙarƙashin SOKPROF, akwai kuma Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato da Arewa House a Kaduna. Za su nuna maka yadda aka tafiyar da sha'anin alhazai, amma talakan da ya fita da sanda da buta ba kasafai ake samun sunansa ba. Abin da ya fi aiki shi ne shafi ɗaya da Larabci, ɗauke da jerin sunayen, garin asali, zamanin tafiya da lambar wayarka. Ka ba maniyyata da masu umara su kai wa dattawan Hausawa na Shara Mansur da Misfala a Makka, ka aika wa limamai da masu unguwannin garuruwan Sudan ɗin nan. Sai dai tsohon adireshi yanzu ba abin dogaro ba ne: an rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda a 2022, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa mutanen Jazira da Sinnar. In kun taɓa jin ɗuriyarsu sai yaƙin ya yanke, je ofishin Red Cross ka cika takardar neman dangi, kyauta ce.

TAMBAYA: Kawuna ya tafi Ingila karatu ta jirgin ruwa gab da samun 'yancin kai. An ce ya yi aure can, daga nan shiru. Akwai yadda zan gano 'ya'yansa? (Wata baiwar Allah daga Mabera)

AMSA: Hajiya, taki ta fi sauƙi, domin can komai a rubuce yake. Jiragen Elder Dempster ne ke ɗaukar fasinja daga Apapa zuwa Liverpool, kuma jerin sunayen fasinjojin da suka sauka Birtaniya daga 1878 zuwa 1960 yana ma'ajiyar tarihinsu da ke Kew, a Landan, da lamba BT 26, ana duba shi a shafin Ancestry da kuɗi. Yana nuna shekarun mutum, sana'arsa da adireshin da zai sauka. Wanda ya tafi ta sama ba ya ciki. Ki gwada rubutun sunan ta kowace fuska, Mohammed, Mohamed, Mamman, ki kuma gwada Sokoto a matsayin sunan ƙarshe, don 'yan makarantar wancan zamani da sunan garinsu aka san su.

Daga nan ki duba rajistar aure a shafin intanet na FreeBMD, kyauta ce. In kin ga wanda ya yi kama, ki sayi takardar auren kanta, domin tana ɗauke da sunan mahaifin ango da sana'arsa, nan za ki tabbatar ko kawunki ne. Sunan gidan su matar kuma shi zai fito miki da 'ya'yan a rajistar haihuwa. Gwajin DNA na iya taimakawa a nan fiye da Sudan, amma sai in wani daga cikinsu ma ya yi. In kin same su, saƙon farko ya zama gajere, da hoto, ba maganar kuɗi ko biza.

TAMBAYA: Muna son raba gadon gona, ɗaya daga cikin magada ya tafi Gana tuntuni ba labari. Yanzu wani ya bugo waya wai shi ɗansa ne. (Daga Tambuwal)

AMSA: Kada ku raba kasonsa a zaure, ku kai gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya wanda ya ɓace ba a ɗaukarsa mamaci sai an sami shaida, ko shekarunsa sun kai inda tsaransa ba sa wucewa, wanda mafi shahara shi ne saba'in, kuma alƙali ne ke yanke wannan. Ku tuna dokar korar baƙi ta 1969 ta fitar da mutanenmu da yawa daga Gana, wasu suka tsaya Togo da Nijar, don haka a tambaya har can.

Mai wayar kuwa, ku bar shi ya yi magana, kada ku ciyar da shi amsa. Ku tambaye shi sunan kakarsa ta wajen uba da unguwar da aka haifi baban, abin da ba ku taɓa sawa a Facebook ba. Ku nemi sarkin zangon garin da yake, ko Kumasi ne ko Tamale, ya haɗa ku da dattawa biyu da suka san mahaifinsa. Kada a tura kuɗin mota kafin wannan.