Na'urar X-ray ba ta nuna min tsini ko ɗaya a gilashin bismut ba, samfurin ya lalace ne?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu. Na narka bismut oksaid da boron oksaid, na sami gilashi. Da na saka shi a na'urar X-ray ta jami'armu mai bututun tagulla, sai wani tudu mai faɗi kawai ya fito a zanen sakamakon, babu tsini. Hankalina ya tashi. Wani kuma ya ce daga tudun nan zan iya ƙirga oksijin nawa ke kewaye da kowane bismut. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Tudun nan shi ake so, haka gilashi yake fitowa, domin ƙwayoyin zarrarsa ba a jere suke ba kamar na kiristal, wanda shi ke ba da tsini. Sai dai ka duba launinsa: idan ya yi duhu, wataƙila ka wuce gona da iri wajen zafi, wani ɓangaren bismut ɗin ya koma ƙarfe.

Maganar ƙirga oksijin ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na gan ta a rubuce-rubucen da ake kawo min. X-ray yana karo ne da ilektiron. Bismut yana da 83, oksijin 8, boron 5. Tunda ƙarfin warwatsuwar X-ray ɗin yana tafiya da ninkin lambar da kanta, bismut ya rinjayi oksijin fiye da sau ɗari, kamar ƙarar ganga a kan raɗa. To ta yaya mutum zai ce ya ƙirga oksijin? Ga shi bututun tagulla, mai ba da X-ray mai tsawon zango 1.54 Å (angstrom, ma'aunin tsawo a matakin ƙwayar zarra), ba ya kai ka bayan Q kusan 8 Å⁻¹; Q kuwa, gwargwadon girmansa gwargwadon yadda za ka iya bambance tazarar da ke kusa da juna. Da wannan ba za ka raba gajeren haɗin bismut da oksijin (Bi–O), wajen 2.1 zuwa 2.2 Å, da dogayen da tagwayen ilektiron na bismut da ba su shiga haɗi ba (6s²) ke turewa gefe ba. Manhaja za ta ba ka lamba in ka matsa mata, amma lambar ba ta da tushe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu karɓar kuɗi su yi wa ɗalibai irin wannan "nazarin" cikin dare ɗaya.

Nemi lokaci a sinkirotiron, wato babbar na'ura mai samar da X-ray mai ƙarfi sosai, kamar ESRF a Faransa ko SPring-8 a Japan, da ƙarfin da bai kai 90.5 keV ba, gefen K na bismut, wato ƙarfin da daga nan bismut ke shanye X-ray sosai. Sannan ka haɗa da niyutiron, wanda ke ganin oksijin sosai. Amma boron ɗinka ya zama nau'in ¹¹B, mai nauyi 11, domin ¹⁰B yana shanye niyutiron.