Amsoshin Tambayoyinku: Kafin a Zuba Kuɗi a Akwatin Wayoyi

Wani mai haɗa kiɗa daga Kano ya rubuto: "Malam, shekarata shida ina aiki da fiyano ƙirar Yamaha da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Na ga bidiyon wasu Turawa suna soka wayoyi a wani akwati mai maɓallai, sauti na fita wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na tara 'yan kuɗi. In yi odar akwatin ne, ko me ka gani?"

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ka gani shi ne sintesaiza mai ɓangare-ɓangare, wanda masu harkar ke kira mojula. Fiyanonka an riga an haɗa masa komai a ciki, kai dai ka zaɓi murya ka danna. Shi wannan a wargaje yake zuwa. Akwai osileta mai haifar da sauti, akwai filta mai tace shi kamar rariya, akwai wani ɓangaren da aikinsa kawai ya ce ga yadda sautin zai taso da yadda zai mutu. Ba abin da zai yi ƙara sai ka haɗa su da waya da hannunka.

Tunda ka san kalangu, ka riga ka san rabin karatun. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, ta sauko. A nan ƙarfin wutar da ke bin waya shi ne hammatar. A yawancin waɗannan na'urori, ƙarin bolt 1 yana ninka tsayin murya sau biyu. Daɗin abin shi ne wannan matsar kana iya kai ta ko'ina: ta buɗe filta, ta ƙara sauri, ko wani ɓangare ya riƙa matsar ɗan'uwansa kai kana gefe kana saurare.

Tun 1964 Robert Moog ya fito da nasa a jihar New York, Don Buchla kuma a wajen lokacin yana ƙera nasa a Kalifoniya, wanda ko madannan fiyano bai sa masa ba. Wanda ya cika kasuwa yanzu shi ne tsarin Eurorack, da Dieter Doepfer na Jamus ya faro a tsakiyar shekarun 1990. Kowane kamfani yana yin nasa ɓangaren da tsawo ɗaya, faɗin kuma ana auna shi da HP, kowane ɗaya milimita 5.08. To a nan tarkon yake. Akwatin da na'urar ba shi wuta kaɗai za su ci wani kaso mai tsoka na kuɗinka, alhali ko "ƙit" ba su yi. Sannan kowane ɓangare da kuɗinsa a dala, ga kuɗin jirgi, ga kwastam. Kuma duk ramin da ya rage a akwati sai ya riƙa kiran aljihunka da dare.

Shawarata: sauke manhajar VCV Rack a kwamfutarka. Kyauta ne, tun 2017 yake, kuma kwaikwayon Eurorack ne har da wayoyin. Yi wata biyu kana wasa da shi. In ka ga dare na raba maka a kansa, sai ka sayi mai rabin haɗi, wato wanda yake yin sauti ko ba a soka komai ba amma yana da ramukan gwaji: Moog Mother-32, ko Make Noise 0-Coast, ko Behringer Neutron mai sauƙin kuɗi. Amma ka sani, yawancinsu murya ɗaya suke fitarwa a lokaci guda. In waƙar biki za ka haɗa mawaƙi na tsaye a kanka yana duba agogo, fiyanonka ya fi maka.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce: "Yayana ya aiko mini da Neutron daga Faransa. Ran nan na dace da wani sauti kamar ruwa na ɗiga a randa, washegari na neme shi na rasa. Sauran lokuta kuwa hayaniya kawai nake samu. Akwai abin da zan saya ya riƙa ajiye mini?"

'Yar'uwa, babu. Kuma ba laifinki ba ne, halin na'urar ke nan: ba ta da ma'ajiyar sauti, da kin zare waya ko kin goga maɓalli ya tafi. Abin da za ki saya shi ne abin naɗar sauti, ko ƙaramar na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta. Ki danna naɗi tun kafin ki soka wayar farko, ki bar shi yana tafiya. Ni sautukan da na fi so duk a kan hanyar neman wani abu daban na tsince su. In kin dace, ki ɗauki hoton fuskar na'urar da wayarki. Ba zai dawo daidai ba, amma zai kai ki unguwar.

Batun hayaniya kuwa, na san ciwon, don na yi shi. Sabon shiga yana murɗa maɓalli biyar a tare, sai ya kasa gane wanne ya yi me. Ki fara da osileta ɗaya zuwa filta. Ki ɗauko LFO, wato mai kaɗawa a hankali, ki sa shi ya riƙa buɗe filtar yana rufewa, ki rage gudunsa har sai kin ji kamar numfashin mai barci. Ki zauna da wannan minti biyar ba ki taɓa komai ba. Sai ki canza abu ɗaya.

Neutron na da ɓangarori biyu masu rage ƙarfin abin da aka bi da shi ta cikinsu, waɗanda kowa ke rainawa. Su ne gishirin miyar. Wancan ɗigar ruwan da kika ji, ina kyautata zaton ɓangaren da ke cafko ƙarfin wuta barkatai ne yake taɓa filta, ga ɗan amsa-kuwwa a bayansa. Ki bi da shi ta mai ragewa, ki buɗe kaɗan-kaɗan, ki ji inda hauka ke komawa waƙa. Kuma ki kunna na'urar ki ba ta kamar minti goma sha biyar ta ɗumama kafin ki saita murya, don irin waɗannan osileta suna zamewa da zafi.

Na ƙarshe daga Kaduna: "Na samu sintesaiza na hannu da araha. In ɗauka? Kuma ya zan yi da wutar NEPA?"

Ɗauka, in mai shi ya yarda a kunna a gabanka. Murɗa kowane maɓalli ka saurara ko zai yi ƙaraf-ƙaraf, soka waya a kowane rami. Kada ka jona shi kai tsaye da janareta. Sa sitabilaiza ko inbata a tsakani. Lokacin hunturu ka lulluɓe shi da zane, ƙura na kashe maɓallai. In ɓangaren Eurorack ne, dubi faffaɗar wayar wutar da ke bayansa: jan layin yana zuwa ne gefen da aka rubuta -12. Na taɓa juya shi cikin duhu ina haska tocilan. Wani ɗan hayaƙi ya taso da warin roba, filtar da na yi wata uku ina jira ta mutu ko sau ɗaya ban ji muryarta ba.