An ce kwas ɗin kwaleji kyauta ne, to me ya kawo takardar biyan kuɗi?

Hajiya, kin ce ɗanki yana sakandaren gwamnati a jihar Ohio ta Amurka, ya ɗauki kwas ɗin kwaleji a shirin College Credit Plus, wanda ke ba 'yan sakandare damar yin kwasa-kwasan kwaleji, bai ci ba, sai ga makaranta ta aiko a biya, kina tambaya ko an yi adalci.

Doka ta ba su dama. Shirin na 'yan aji 7 zuwa 12 ne, kuma kuɗin karatu da littattafai a kwalejin gwamnati ba a wuyan iyaye suke ba, daga kason kuɗin makarantar sakandaren yaron ake cirewa. Shi ya sa idan ya faɗi, ko ya janye bayan kwana 14 da fara kwas, hukumar makarantar tana iya neman a mayar mata da kuɗinta, har ta riƙe sakamakonsa sai an biya.

Amma kada ki yi gaggawar biya. Dokar nan dai ta hana a karɓi ko sisi daga yaron da aka tantance iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne, sai fa in korarsa aka yi. Idan yana cikin masu cin abincin rana kyauta ko a rangwame, ki je ofis ki nemi a duba matsayinsa, ki kuma karɓi amsa a rubuce. Takardar tana iya fita ba a duba wannan ba.

A ganina rashin adalcin yana wajen bayani. Ana ta shelar "kyauta ne" a taron iyaye, sharaɗin kuwa yana can ƙasan fom da ake sa wa hannu a tsaitsaye. Yaro ɗan shekara 15 ina ya san ranar janyewa?

Abin da ya fi kuɗin nauyi ma shi ne makin. Faɗuwar tana zama a takardar sakamakonsa ta kwaleji, ba ta goguwa. In ya shiga jami'a ya nemi tallafin gwamnatin tarayya, yawancin makarantu suna son matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0 da cin kusan kashi 67 cikin ɗari na kwasa-kwasan da ya taɓa ɗauka, kuma wannan na iya shiga lissafi. A shirin College Credit Plus ma, wanda makinsa ya gaza 2.0 ana taƙaita shi ga kwas ɗaya a zango na gaba.

Sauran iyaye, kowace jiha da nata tsarin. A jihar Washington, irin wannan shirin mai suna Running Start ya ɗauke kuɗin karatu, amma littattafai da mota na gida ne. Texas kuwa tun dokar 2023 ta yafe wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a kwalejojin da suka shiga shirinta na tallafi mai suna FAST.

In zai sake, Hajiya, ya ɗauki kwas ɗaya tak, ki rubuta ranar ƙarshe ta janyewa ki manna a jikin firiji, ki duba makinsa a mako na biyu.