Na ba tumakina maganin tsutsa amma atishawa da tari sun ƙi tsayawa

Tambaya: Malam, tumakina shida na turke suna ta atishawa da tari, majina mai kauri tana toshe musu hanci. Sau biyu ina ba su ƙwayar albendazole, babu sauƙi. Wani ya ce borin jini ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, da alama ka yi maganin tsutsar da ba ita ke damun su ba.

Tsutsar huhu, Dictyocaulus filaria, a ciyawa mai danshi dabba ke ɗaukarta, musamman a fadama da damina. Tana sa tari mai zurfi da rama, kuma albendazole na kashe ta. Tunda naka a turke suke, kuma atishawa ta fi yawa, ba ita na fi zargi ba.

Na fi zargin tsutsar hanci. Wani ƙuda ne, Oestrus ovis, ke zuwa da rana tsaka ya fesa 'ya'yansa a ƙofar hancin tunkiya. Shi ya sa za ka ga sun cunkushe wuri ɗaya, kowace ta kafa hanci a ƙasa tana buga ƙafa. Tsutsar takan haura cikin kogon hanci ta girma har ta kai santimita 2 zuwa 3. Mahauta sun san ta sarai idan sun fasa kan rago. Wanda ya ce maka borin jini bai yi ƙarya ba: jikin dabbar ne ke bore wa yawun tsutsar, hanci ya kumbura, majina ta yi ta zuba, ƙura ta manne ta bushe. Albendazole ba ya taɓa ta. Ivermectin ko closantel ake bayarwa, gwargwadon nauyin dabba, kuma a bar malamin dabbobi ya auna, ba mai talla a kasuwa ba. Ka tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a yanka.

Ka kuma shinshina harawarka. Wadda ta yi fumfuna, da dusa busasshiya, suna tayar da tari ko babu tsutsa. Yayyafa wa dusar ruwa.

Amma idan ka ga zazzaɓi, kwantsa a ido, gyambo a baki da zawo, wannan na iya zama annobar PPR, wata cuta mai saurin yaɗuwa a tsakanin tumaki da awaki. Ware marasa lafiyar a ranar, ka kira likita, sauran kuma a yi musu rigakafi.