Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan D&D bayan an yi aure an tara iyali

Malam, na ga tambayarka tun jiya da daddare amma sai yanzu na samu na zauna. Ka ce shekarunka 34, kana da mata da yara biyu, ka daɗe kana kallon Turawa suna buga Dungeons & Dragons a YouTube abin yana burge ka, amma kana jin nauyin a ce mai gemu kamarka ya zauna yana wasan tatsuniya, kuma ko da ka so ba ka san ta ina za ka fara ba. Toh ni na girme ka da shekara bakwai kuma yau kusan shekara tara kenan ina bugawa, bari in ba ka nawa.

Maganar kunya ba zan daɗe a kanta ba. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan, Gary Gygax da Dave Arneson, ba yara ba ne, sun fito da shi a Amurka a 1974, shi Gygax lokacin ya haura talatin da biyar da 'ya'yansa. Kuma mu nan manya nawa ne ke kwana a majalisa kan dara ko whot, ko musun Arsenal da Chelsea har sha biyun dare, wa ya ce musu yara? Abin da ya sa namu yake zama baƙo shi ne ba a saba gani ba, shikenan. Madam ɗina ma da farko dariya take min, wai Abban yara ya koma ga ta nan ga ta nanku. Yanzu ita ce ke tambaya ta ya aka kwana da wancan ɓarawon da kuka kama.

Kuma wallahi ba ta yi ƙarya ba, tatsuniya ce, bambancin kawai a tatsuniya kaka ke ba da labari ku kuna saurare, a nan kuwa kowa yana da mutum ɗaya a cikin labarin kuma shi ke yanke abin da mutuminsa zai yi. Ɗaya daga cikinku ne ke jan ragama, Turawa na ce masa Dungeon Master, mu dai madugu muke cewa. Shi zai ce kun iso bakin kogi, ruwa ya cika, ga wani tsoho da kwalekwale yana kallonku bai ce komai ba, me za ku yi? Wani ya ce zan yi ciniki da shi, wani ya ce ni ban yarda da tsohon nan ba zan zagaya in leƙa cikin jirgin. In abin da kake son yi yana iya yiwuwa yana iya ƙin yiwuwa sai a jefa dayis. A D&D babban dayis ɗin fuska ashirin gare shi, ka jefa ka haɗa da makin gwanintar mutuminka, in ka kai adadin da madugu ya sa ka yi nasara. Sauran ƙa'idojin duk a kan wannan aka ɗora su.

Ni a Ingila na koya lokacin da na je karatun digiri na biyu, wasu 'yan ajinmu ne suka ja ni. Da na dawo Kaduna sai na yi kuskuren da nake so ka guje wa. Na zo da manyan littattafan ƙa'idojin wasan bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, guda uku masu kauri kamar kundin shari'a, na tara abokai har bakwai, na tsara labarin da a raina zai ɗauke mu shekara guda, da taswira da sunayen sarakuna da komai. Zaman farko awa uku muka yi muna cike takardar bayanin mutumin kowa a labarin, ba a ko fara labarin ba, ɗaya ya yi barci a kan kujera. Zama na biyu mutum huɗu suka zo. Na uku ɗaya yana da suna, ɗaya an tura shi Abuja aiki, ɗaya matarsa ba lafiya, aka ɗauke wuta kuma ba mai a janareta. Daga nan abin ya mutu, na yi fushi na ajiye littattafan wajen shekara ɗaya.

Abin da na gane daga baya shi ne, ga babba, ƙa'idar wasan ba ita ce wahala ba, kunya ma ba ita ba ce, tara manya huɗu a ɗaki ɗaya lokaci ɗaya shi ne aikin. Yaro yana da yammacinsa duka, kai kuwa ga aiki ga cefane ga biki ga gaisuwar mutuwa ga kai yara Islamiyya. Don haka komai za ka tsara ka tsara shi a kan cewa wani ba zai zo ba.

Da muka sake farawa mu huɗu ne kacal har da ni. Muka tsayar da Asabar ɗaya bayan ɗaya, bayan la'asar zuwa kiran magariba, in labari ya yi daɗi mu dawo bayan salla mu ƙara awa ɗaya. Ba a sake tambayar yaushe kowa ke da lokaci a WhatsApp, don wannan tambayar ita ke kashe ƙungiya, rana a tsaye take. In mutum biyu sun zo da madugu ana bugawa, wanda bai zo ba sai mu ce mutuminsa ya tsaya gadin jakuna. Kuma kowane zama labarinsa yana ƙarewa a ranar, ko da akwai babban labari a baya. Da azumi muna rufewa gaba ɗaya sai bayan salla.

Na kuma ajiye manyan littattafan nan na ɗan lokaci. Akwai wani tsari mai sauƙi da ya samo asali daga wasan Apocalypse World na 2010, dayis biyu na ludo kawai ake buƙata. Ka jefa ka haɗa, goma zuwa sama ka samu abin da kake so, bakwai zuwa tara ka samu amma da wata matsala a manne, shida zuwa ƙasa abu ya ɓaci madugu ya faɗi yadda ya ɓaci. Minti biyar ka koya wa mutum. Kuma wannan na tsakiyar shi ne daɗin, ka tsallaka katangar amma takalminka ya faɗi ciki, yanzu dogarai sun san wani ya shigo. In kuma D&D ɗin kake so dole, kamfanin da ke da shi, Wizards of the Coast, ya saki ƙa'idojin farko kyauta a intanet, ka sauke su, dayis kuma akwai manhajarsa a waya. Kar ka kashe kuɗin odar littafi daga waje sai kun yi zama biyar kun ga abin zai ɗore.

Wani abin da ya riƙe mu shi ne mun daina labarin jaruman Turawa da gidajen giya, mutanena ba sa jin sa a jikinsu. Muka koma ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayo goro, wata da watanni a hanya, ga madugu ga jagaba ga uban dawaki, ga 'yan fashi ga sarakunan da sai an biya su fito kafin a wuce. Wani abokinmu mai shagon kayan waya wanda da ƙyar yake magana a zaman farko, da aka ba shi ɗan kasuwa mai wayo sai ga shi yana ciniki da sarkin kogi minti ashirin, har da rantsuwa da karin magana, mu muna ta dariya. Ban taɓa sanin haka yake ba kuma tun sakandare muke tare.

Za a tambaye ka ko caca ce tunda akwai dayis, ka shirya. Ba a sa kuɗi, ba mai ci ba wanda ake ci, duk ɓangare ɗaya kuke. Duk da haka ɗaya daga cikinmu zuciyarsa ba ta kwanta da dayis ba, ba mu yi musu da shi ba, muka rubuta lambobi a 'yan takardu aka zuba a hula yana zara. Haka ma sihiri da bokaye da ke cike da littattafan Turawan, mun zauna tun kafin a fara kowa ya faɗi abin da ba ya so a labarin, muka cire. Wannan zaman ka yi shi, rabin awa ne da shayi.

Kai za ka zama madugu, kar ka jira wani, wanda ya kawo maganar shi ke ɗauka. Shafi ɗaya ya ishe ka shiri: wuri ɗaya, mutum uku masu suna da abin da kowannensu ke so, da matsala ɗaya. Duk abin da ka tsara 'yan wasa za su bi ta wata hanya daban, ni na taɓa kwana biyu ina tsara kogon 'yan fashi, suka ƙi shiga suka tsaya neman auren 'yar mai masauki.

In kana so ka yi min magana ta inbox in turo maka takardar da muke cikewa, da Hausa na rubuta ta, shafi ɗaya ce. Ka samo dayis biyu da mutum biyu kafin Asabar.