Me ya sa ministan gidaje na Ontariyo ya yi murabus alhali ba a kama shi da cin hanci ba?

Tambaya: Na karanta cewa Steve Clark, ministan gidaje na lardin Ontariyo a Kanada, ya sauka daga muƙaminsa a 2023 saboda badaƙalar filaye, amma ban ga inda aka ce ya karɓi ko sisin kwabo ba. To mene ne laifinsa?

Amsa: Gaskiya ne, babu rahoton da ya same shi da karɓar kuɗi. Abin da ya kayar da shi sakaci ne da amanar ofis, kuma sakacin ya fi ba da mamaki idan aka dubi daɗewarsa a harkar. Yana da shekara 22 aka zaɓe shi magajin garin Brockville a 1982, ya shiga majalisar dokokin lardi ta hanyar zaɓen cike gurbi a 2010, sannan Firimiya Doug Ford, shugaban gwamnatin lardin, ya naɗa shi ministan ƙananan hukumomi da gidaje a 2018.

Rigimar ta taso ne kan yankin da ake kira Greenbelt, wato gonaki da dazuzzuka da fadamu kimanin eka miliyan 2 da ke kewaye da Toronto, waɗanda doka ta hana gini a cikinsu tun 2005. Ford ya yi alkawarin ba zai taɓa su ba, amma a Nuwamban 2022 Clark ya sanar da cire eka 7,400 a wurare 15 domin a gina gidaje 50,000, yana mai kafa hujja da ƙarancin muhalli. Ƙarancin kam akwai shi; yadda aka zaɓi filayen ne ya jawo magana.

Babbar mai binciken kuɗi ta lardin, Bonnie Lysyk, ta fitar da rahoto a Agustan 2023 wanda ya nuna cewa shugaban ma'aikatan ofishin ministan, Ryan Amato, shi ne ya riƙe ragamar aikin. A wata liyafar cin abinci ta masu sana'ar gine-gine a Satumban 2022, wasu manyan 'yan kasuwa biyu sun damƙa masa takardu masu ɗauke da bayanin filayen da suke so a sake musu, kuma kusan kashi 92 cikin 100 na ƙasar da aka cire tana cikin wuraren da mutanen nan biyu suka gabatar ne. Ma'aikatan gwamnatin da aka ɗora wa tantancewar mako uku kacal aka ba su, bayan an sa su rattaba hannu kan alkawarin riƙe sirri. Rahoton ya ƙiyasta cewa darajar filayen za ta iya ƙaruwa da dalar Kanada biliyan 8.3.

Clark ya ce bai san yadda aka yi zaɓen ba. A ganina wannan kariyar ce ta ƙara tona shi, domin a tsarin mulkin majalisa irin na Birtaniya minista ne ke ɗaukar alhakin abin da ya gudana a ma'aikatarsa, ko da hannunsa ko babu. Kwamishinan ɗa'a na majalisar, David Wake, ya yanke a ranar 30 ga Agusta cewa Clark ya karya dokar ɗa'ar 'yan majalisa, saboda ya kawar da kai daga aikin da ya wajaba ya sa wa ido, har wasu suka ci moriyar da ba ta dace ba. Clark ya nemi afuwa ya ci gaba da zama a kujerarsa na 'yan kwanaki, amma matsin lamba ya sa ya ajiye aiki a ranar 4 ga Satumba.

A ranar 21 ga Satumba, Ford da kansa ya ba da haƙuri, ya ce za a mayar da filayen, sannan a Oktoba 'yan sandan tarayya suka buɗe bincike. Clark bai bar majalisa ba: an ba shi jagorancin ɓangaren gwamnati a zauren a Yunin 2024, kuma mazaɓarsa ta sake zaɓensa a Fabrairun 2025.